Zanen Kaka a Gidan Waya

Mahaifiyata ba ta taɓa roƙona wani abu mai nauyi ba sai zane guda. Zanen uwarta ne, saƙi mai baƙin rini, kuma so take ranar da ta rasu a lulluɓe makararta da shi.

Tana ƙarama mahaifinta ya ɗauko ta daga ƙauyensu na ƙasar Haɗeja za su aikin hajji, aka bar uwarta a gida da goyon ƙanen Inna. Guzuri ya ƙare musu a Omdurman, tsallaken kogi da Khartum, tsohon ya ce bari a ɗan zauna a yi sana'a, zaman da bai tashi ba ke nan. Inna ba ta sake ganin uwarta ba. Da kaka za ta rasu ta danƙa wa ƙanen Inna zanen, ta ce na yayarsa ne. Shi kuma ya yi ta jiran matafiyi mai amana har shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ɗansa ne ya kira ni a waya, 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya watsa mu, ya ce ya gaji da riƙon amana, zai turo.

Na ce ya jira ɗaliban da ke zuwa karatu Khartum ya ba ɗaya daga cikinsu. Ya ce shi bai yarda da yaran zamani ba, gidan waya zai kai, ai na gwamnati ne, gwamnati kuwa ba ta ɓatar da kayan mutane. Na yi dariya har ya ji haushi. Amma na ba shi lambar akwati.

A wajenmu ba a kawo wa mutum saƙo ƙofar gida. Akwatin gidan waya ake kamawa, kuma duk layinmu akwati ɗaya muke amfani da shi, na wani maƙwabcinmu mai shagon turare a kasuwar Suk al-Arabi. Shi ya kawo mini 'yar takardar shaidar cewa ƙunshi ya iso. Ran nan Inna ta sa aka dafa shayi mai madara aka raba wa maƙwabta kamar an yi haihuwa.

Washegari na tsallaka gada zuwa Khartum da katin shaidarta a aljihu. Ma'aikacin da ke bayan kanta, wani dattijo mai furfura a gashin baki, ya shiga ciki ya fito da ƙunshi ɗinke cikin farin buhu. Ya dubi ƙunshin, ya dubi katin, ya sake duban ƙunshin.

“Ya ustaz, wannan ba sunanta ba ne.”

Na leƙa. An rubuta lambar akwatin daidai, a samanta kuma da manyan baƙaƙe: Gwaggon Gabas.

Nan take na gane abin da ya faru. Inna 'yar fari ce, saboda haka kaka ba ta taɓa kama sunanta ba, don kunya. Ƙanenta ma bai iya faɗin sunan yayarsa gatsau. Yaran gidan suka tashi ba su san ta da komai ba sai Gwaggon Gabas. Ɗan'uwan nan nawa bai san sunanta ba sam, kuma bai ga abin tambaya ba. Ni ma da nake ba shi lamba, wane ɗa ne zai buɗe baki ya ambaci sunan uwarsa?

Na yi wa dattijon wannan bayani da Larabcina mafi daɗi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce al'ada ce mai kyau wallahi, amma kayan da ya fito daga waje mai sunan kawai ake ba, shi ma mai akwatin ba a ba shi. Sai in kawo takarda daga kwamitin unguwa cewa mace ɗaya ce, shugaban ofis ya sa hannu.

Takardar unguwa ba ta ba ni wuya ba. Shugaban ofis ne ya zama aljani. In na zo da safe yana taro, in na zo da azahar ya fita salla. Ranar da na kama shi a kan kujerarsa babu wuta, ya ce ba ya sa hannu sai an duba a na'ura. Ranar da aka kawo wuta, mai riƙe da hatimi ya tafi ta'aziyya garinsu da mabuɗin durowa a aljihunsa. Kalmar da na fi ji a ginin nan ita ce bukura, wato gobe. Ni mutum ne mai saurin fushi, na taɓa buga kanta har biro ya yi tsalle. Wata mata a bayana ta ce, “Malesh, yi haƙuri ɗan'uwa, ni tun kafin azumi nake zuwa.” Kunya ta kama ni, na koma layi.

Daga baya shugaban ya ce takardar unguwa ba ta isa ba, sai wanda ya turo ya gyara sunan daga can, gyaran kuma ya biyo ta gidan waya. Na kira ɗan'uwana, na dafe ƙirji na faɗi sunan Inna a waya. Ya je ya yi gyaran, ya turo. Muka koma jiran wasiƙar da za ta fanshi ƙunshi, ita ma shiru.

Kullum na dawo Inna tana zaune a tsakar gida ta fuskanci ƙofa. Ni ma ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

“Kai wannan, sun ba ka?”

“Sun ce gobe, Inna.”

“To, Allah ya kai mu.”

Ba ta taɓa ƙarawa a kan haka ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Wata rana na ce bari in kai musu ita su gani da idonsu. Muka hau hafila, wato motar bas, ƙafafunta a kumbure, na riƙe ta muka hau matakala a hankali. Dattijon ya fito daga bayan kanta ya ba ta kujerarsa, ya ce, “Sannu, ya Hajja.” Ya waiga hagu da dama, ya ɗauko ƙunshin ya ɗora mata a cinya. Ya ce ta taɓa, amma don Allah kada ta farke ɗinkin, aikinsa ne zai tafi, ga shi ko albashin ma bai gani ba. Inna ta yi ta shafa buhun tana matsawa da yatsu, ta kai shi hanci. Zuciyata ta ce in sure shi in ruga. Na dubi ƙafafunta, na dubi ɗan sandan bakin ƙofa, na tsaya kamar gunki. Ita da kanta ta miƙa masa, ta ce, “Ungo, ɗana, kada a yi maka faɗa.”

Wasiƙar gyaran ta iso daga ƙarshe, a yamutse kamar an kwana a kanta. Na kai ta da gudu, shugaban ya sa hannu, aka buga hatimi. Dattijon ya shiga ciki ya daɗe. Da ya fito bai iya haɗa ido da ni ba. Wa'adin ajiya ya cika tun makon jiya, an mayar da ƙunshin inda ya fito, haka doka ta ce.

Ɗan'uwana ya yi ta zarya a gidan wayarsu. Su suka ce bai iso ba, namu suka ce ya tafi. Ban san wanda zan kama ba, ban san ƙofar da zan buga ba. Na faɗa wa Inna gaskiya. Daga ranar ta daina tambayata.

Ta rasu da sanyin safiya, wata Laraba. Ina tsaye a ƙofar ɗaki, maza suna jira a waje da makara, sai tsohuwar da ta yi mata wanka ta ɗaga labule kaɗan.

“Ina zanen da ta ce?”

Matata ce ta shiga ɗakinta ta ɗauko mayafin da na saya mata a Kasuwar Libiya ta nan Omdurman, sabo fil, ko wanki bai taɓa gani ba. Da shi muka rufe Inna.