Faifan da Orlene Tackett Ta Tsana

A kwarin Stidham, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, babu mawaƙin bishara da muryarsa ke fita a rediyo ran Lahadi da safe sai ya bi ta kunnen Orlene Tackett. Ba ma'aikaciyar gidan rediyon ba ce. Abincin 'yan firamare ta yi ta dafawa har gwiwoyinta suka gaji ta ajiye aiki. Amma duk inda aka kafa tantin wa'azi, duk makabartar da dangi suka taru share kaburbura su wuni suna waƙa, za ka ganta a bencin baya, jaka a cinya, baki a taɓe. Ran Alhamis kuma ta hau benen da ke saman shagon kayan gini, inda ɗan gidan rediyonmu yake, ta zauna gaban Lonzo Begley mai gabatar da shirin, ta faɗa masa wa zai sa, wa zai bari.

Kuma ba ta da sauƙi ko kaɗan. Mawaƙan da ke zuwa daga birni cikin dogayen motoci, gashi ya sha feshi har ya ƙame, suna waƙa a kan kiɗan kaset, waɗannan ko sunansu ba ta son ji. Akwai wanda ta bi coci-coci, ta tarar kullum a baiti ɗaya yake fashewa da kuka. "Wannan ba kuka ba ne, famfo ne," in ji ta. Nata mutanen su ne irin 'yan gidan Mosley masu haƙar kwal, da ke waƙa ƙirji na gurnani saboda ƙurar rami, da gwauruwa Arzella Combs wadda jitarta ta tsage aka ɗaure da waya. Masu neman shiga shirin kuwa ba su fasa kai mata kwalaben zuma da cinyar alade mai gishiri ba. Takan karɓa, ta yi godiya, ta cinye, ran Alhamis ta ce wa Lonzo kada ya kuskura ya sa su.

Dokar shirin guda ce tun zamanin uban Lonzo: ba a sa waƙa sai an faɗi wanda ya zaɓa da wanda aka zaɓa dominsa. A kwarinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don kowa na gaban rediyo da kofinsa kafin a tafi coci. Idan aka ji ka zaɓi waƙar mutumin da kuke gaba da shi, to ka yafe masa ke nan a bainar jama'a, ba ka da bakin sake ɗaure masa fuska. Gidaje da dama da haka suka shirya, ba tare da wani ya taka ƙofar wani ba.

Shi ya sa fiye da shekara talatin ba a ji muryar Delmer Napier a rediyonmu ba. Delmer mijin yayar Orlene ne, Verna. A da su uku suke waƙa, shi a gaba da jita, su biyun suna amsa masa daga baya. Faifai ɗaya suka taɓa yi, waƙar "Fitila a Bakin Rafi". Faifan bai daɗe da fitowa ba, ana tsakiyar makon wa'azi, Delmer ya gudu da yarinyar da ke kaɗa wa coci fiyano, a cikin motar cocin kuma, ya bar Verna da tsohon ciki. Orlene ta ɗauki nata faifan ta karya a gwiwa. Tun daga ranar ba ta sake buɗe baki ta yi waƙa ba, ko a coci sai dai ta motsa leɓe.

Da tsufa ya kama Delmer, sai ga shi ya dawo da farar kwat da haƙoran roba, wai ya tuba. Tuban nasa kuwa har da ciniki, don a bayan motarsa yake sayar da kaset ɗin labarin yadda ya tuba. Abin takaicin shi ne har yau Allah bai karɓe masa muryar ba. Orlene kan ce babu abin da ke tayar mata da zuciya irin ta ji abu mai daɗi haka na fitowa daga bakin nan.

To, ita Verna tsufa ya zo mata ta kai. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bakin titi. Kullum Orlene na can da kwanon wake da burodin masara, tana ba ta a baki, tana taje mata kai, amma Verna ta daina gane ta. "Baiwar Allah" take ce mata. Abu ɗaya ne bai goge ba. Duk Lahadi sai ta rungume 'yar rediyonta, shiri ya ƙare ta ɗago da ido cike da ƙwalla ta ce, "Yau ma ba su sa Fitila ba."

Abin ya ƙona wa Orlene rai ba kaɗan ba. Verna ta manta ƙanwarta, ta manta ɗan da ta haifa, amma ba ta manta wannan ƙazamin ba! Duk da haka ta lallaɓa ta sa Lonzo ya ɗaukar mata waƙar a kaset daga faifan da ya rage a gidan rediyo, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ta kai wa Verna, tana dannawa Verna ta ture na'urar ta faɗi ƙasa. "Wannan ba rediyo ba ce. Ban ji Lonzo ya kira sunana ba." Ma'aikaciyar jinya kuma ta ja Orlene gefe ta ce, "Mama, in akwai abin da take so, a yi mata shi yanzu. Abincin ma ta fara ƙi."

Ran Alhamis Orlene ta hau benen tana haki.

"'Yar'uwa Orlene!" in ji Lonzo. "Yau wa za mu yanka?"

"'Yan Mosley a farko. Arzella ta biyo baya. Yaron nan mai gashi kamar kabeji kada in ji shi." Ta murza hannun jaka. "Sai Fitila."

Lonzo ya ajiye kofinsa a hankali. "Wace fitilar?"

"Fitila nawa gare ka, Lonzo? Kada ka raina min hankali."

"Sunan wa zan faɗa?"

"Ka ce wata mai sauraro."

"Haba dai. Ke da kika hana ni yi wa fasto wannan alfarmar? Ranar nan a kujerar nan kika ce wanda ke jin kunyar sunansa ya riƙe waƙarsa."

Ta ja dogon tsaki. Ita ta faɗa, ba ƙarya ya yi mata ba. "To faɗi nawa," in ji ta. "Allah ya isa tsakanina da wannan benen."

Lonzo mutumin kirki ne, amma cikinsa ba ya riƙe magana. Kafin Juma'a ta wuce kwarin duk ya ɗauka. Matan coci suka dinga tare ta a kanti suna rungume ta, suna cewa Ubangiji ya taɓa zuciyarta. Ita kuwa sai ta zame jikinta ta wuce. Ran Asabar tana tsinke koren wake a baranda, sai ga farar kwat na hawo matakala, hannu ɗaya riƙe da kek ɗin kanti, takardar farashi ma ba a ɓare ba.

"Ƙanwata!" in ji Delmer, murya na rawa. "Na san wannan rana za ta zo. Gwiwoyina sun yi kanta wajen roƙon..."

"Tsaya nan. Yanzu na wanke barandar."

"Orlene, har yanzu bakin nan naki! To ba komai, abin da ya wuce ya wuce." Ya zaro hankici ya dangwali idon da babu komai a cikinsa. Sai kuma ya rage murya. "Tunda an shirya, akwai sabon kaset ɗina, ki ce Lonzo ya sa shi. Muryar ta fi fita a nan. Wancan tsohon faifan ai ku biyun kun cika danne ni a amshi."

Ta tsaya tana kallonsa. Bai tambayi Verna ba. Ko da wasa sunanta bai fito daga bakinsa ba. "Delmer," in ji ta, "ɗauki kek ɗinka tun ban kira kare ya ƙi ci a gabanka ba."

Ya sauka yana dariya yana girgiza kai, don ya san gobe duk kwarin zai ji an wanke shi, ko me ta ce yau.

Lahadi da safe ta zauna a bakin gadon Verna, rediyo a tsakaninsu. 'Yan Mosley suka yi, Arzella ta yi. Sai Lonzo ya gyara murya ya ce, "Wannan ta Ɗan'uwa Delmer Napier ce. 'Yar'uwa Orlene Tackett ce ta zaɓa, domin yayarta Verna." Orlene ta runtse ido. Ta san a wannan lokacin babu ɗakin girkin da ba a ajiye cokali an kalli juna ba.

Faifan ya yi ƙaraf-ƙaraf, jita ta shigo, muryar Delmer ta biyo baya, sumul kamar man shanu. Orlene ta saci kallon yayarta, tana jiran ta ga fuskar nan ta narke saboda shi. Ko gezau. Verna na ta tsinkar zaren bargo, kamar tallar taki ake yi. Har baitin farko ya ƙare ba ta ɗago ba.

Sai amshi ya zo. Muryoyin 'yan mata biyu suka taso daga baya, ɗaya a ƙasa, ɗaya siririya can sama. Nan take Verna ta saki bargon ta damƙi hannun Orlene.

"Ga ta nan! Kin ji ta? Ta saman nan. Ƙanwata ce, Orlene." Fuskarta ta washe gaba ɗaya. "Duk kwarin nan ba mai muryarta."

Ashe duk Lahadin da Verna ke rungume rediyo, ba Delmer take jira ba. Da amshin ya sake zagayowa Orlene ba ta san sa'ad da bakinta ya buɗe ba. Muryar ta fito a dishe, tana karkarwa, ta kasa kaiwa inda ta saba kaiwa. Ta matso da fuskarta kusa da ta yayarta tana yi, ko Allah zai sa ta gane ta.

Verna ta yamutsa fuska ta daki hannunta. "Ke baiwar Allah, yi shiru mana! Kina ɓata mata waƙa."

Orlene ta yi shiru. Suka saurara tare har faifan ya ƙare.

"Ba ta zuwa duba ni," in ji Verna, tana shafa rediyon. "Amma ba komai, aikin makarantar nan ya yi mata yawa. Za su sake sa ta?"

"Za su sa, Yaya."

Ranar Verna ta cinye wakenta tas. A coci kuwa, an ce Delmer ya miƙe ya ba da shaida har da kuka, ya sayar da kaset a bakin ƙofa.

Ran Alhamis Orlene ta sake hawa benen. Ba ta ko zauna ba.

"'Yan Mosley. Arzella. Sai wancan ƙazamin."

Lonzo bai yi dariya ba. "Sunan wa zan faɗa?"

"Nawa," in ji ta. "Ka kuma faɗa da ƙarfi, kunnenta ya yi nauyi."