Ɗakunan da Ya Falmata ta bar wa samarin tasha

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, mai sayar da dabino da kanwa a kasuwar Gure, kuma har yau raina bai huce ba. Ba mutuwar nake jin haushi ba, wannan ta Allah ce.

Waɗanda suka san garin za su tuna samarin da ke dawowa daga Libiya hannu Rabbana. Kunya takan hana su ƙarasawa garuruwansu, Kelle ko Alakos, sai su yada zango a tasha, suna kwana ƙarƙashin manyan motoci. Ita ce ke zuwa ta kwaso su. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta shimfiɗa tabarmi a ɗakunan bayan gidanta. Bakinta ba sanyi; wanda rana ta fito yana barci, ranar zai sha faɗa har ya ƙoshi. Ba ta barin kowa zaune. Wannan ta kai shi gareji, wancan wurin tela, wani ta haɗa shi da masu lambu a kwari. Sai ya iya riƙe kansa, ya ɗinka sabuwar riga, sannan ta sa shi a mota ya je ya gaida uwarsa.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta tara dangi ta ce ɗakunan nan ta yi wakafinsu saboda Allah. Baffa Bukar, ƙanin mahaifinmu, ya ce, "Mun ji, mun shaida." Aka shafa Fatiha. Na ce a rubuta, ta harare ni. A wurinta, neman takarda bayan dattijo ya shaida cin fuska ne.

Ranar rabon gado aka nemi shaidu. Baffa ya ce ya ji tana magana kam, amma zafin ciwo ne. Sauran suka sunkuyar da kai. Ni mace ɗaya, shaidata ba ta isa ba. Ba a jima ba aka fitar wa samarin da kayansu waje.

Yau gidan yana hannun wani furoje na masu ba da agaji, an yi fenti, an sa mai gadi, an kafa allo mai cewa ana tallafa wa matasa. Matasan kuwa sun koma ƙarƙashin motoci. Da Ya Falmata za ta leƙo, na san mai gadin za ta fara tambaya ina suke kwana.

Abin da ya rage nata yana garejin Musa, ɗaya daga cikin waɗanda ta riƙe. Ya share ɗakin ajiyar tayoyi, samari biyu na kwana ciki. Iyakar ƙarfinsa ke nan.

Bana ma an taru gidan Baffa yi mata addu'a, aka dafa shinkafa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya kai lada kabarinta."

Na ce, "Wane ladan, Baffa? Wanda ta tanada ai kun ba da shi haya."

Bai ɗago kai ba, ni ma ban ci shinkafar ba.