Alhaji Chindo Mai Rijiya Ya Cika a Jirgin Alhazai

Mu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma, ko ta ƙasa ko ta sama. Ranar Talata, 23 ga Janairu 1973, Alhaji Chindo Labo, mahaƙin rijiyoyin Tajaye, ya rasu cikin jirgin da ya ɗauko mu daga Jidda zuwa Yamai. Ni ne na zauna kusa da shi.

Baba Chindo, yau kwana tara. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagewa, domin akwai tambayar da matarka Inna Saude ta yi mini ranar da na kai mata jakarka, ban amsa ba. Ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, kai ad da shi. Ya samu kalmar shahada?" Na sunkuyar da kai, na ce ina zuwa, na fita. Har yau ban koma ba.

A 1959 na san ka, shekarar da aka turo ni koyarwa lakwal, makarantar boko ta Tajaye. Yara suna barin aji su yi tafiyar rabin yini neman ruwa. Ba wanda ya kira ka. Ka zo da dagi da igiya, ka zagaya filin kana shinshina ƙasa, ka tsaya gindin wani gawo ka ce nan. Gaba goma sha tara ka haƙa. Da na yi maganar lada sai ka ce, "Ɗiyan wa za su sha? Ba namu ba?" Wata azahar na leƙa ramin na same ka kana salla a ƙasa, inda ba a ganin rana. Na tambaye ka yadda ka gane gabas. Ka yi dariya ka ce, "Mushe, wanda ya ɓata gabas cikin rami bai kamata a ba shi igiya ba."

Shekara goma sha huɗu nake rubuta abin da ya faru kowace rana cikin littafi, kai kuma kana yi mini ba'a a kai. Ko a jirgin ba ka bar ni ba. Da muka tashi ka riƙe hannun kujera ka ce, "Rubuta, mai shiga ƙasa yau ya hau bisa." Na rubuta. Ga abin da ke biye a littafin, ban gyara ba. Goma da kwata: Chindo ya ce sanyi, na rufa masa bargo. Goma da rabi: yana motsa leɓe, ƙarar inji ba ta bari a ji. Daga nan sai shafi guda a kan gajimare da launin hamada. Shafi guda, Baba. Kana gefena kana fama, ni ina siffanta gajimare. Ko lokutan ma ban amince da su ba, don ban tuna ko na mayar da agogona daga lokacin Jidda ba.

Wanda ya lura da kai ma'aikacin jirgin ne, wani Mamane, mutumin Damagaram. Yana rabon shayi ya dubi fuskarka, ya ajiye faranti ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Ya kwance maka wuyan riga, abokiyar aikinsa ta kawo kwalbar iska, aka tambaya ko akwai likita cikinmu, babu. Ni aka tura in riƙa fassara wa shugabarsu Faransanci, ina tsaye a hanya, bayana gare ka. Da na juyo, Mamane ya riga ya shafe maka ido.

A hankali ya bayyana mini ƙa'idarsu. Su ba su da ikon cewa mutum ya mutu, sai likita ya gani a ƙasa. Ba a shelanta wa fasinja, kada tsofaffi su firgita. Za su ɗaure ka da ɗamarar kujera, su rufa maka bargo har wuya kamar mai barci. Matuƙi ya aiko cewa tunda rai ya yi halinsa, ba za a sauka Fort-Lamy ta ƙasar Cadi ba, za a wuce Yamai.

Nan ne kawai na yi abin kirki. Jirgi yamma ya nufa, kujera tana duban gaba, wato an zaunar da kai ka ba alƙibla baya. Na ce wa Mamane wannan mutum ko a gindin rijiya bai ɓata gabas ba. Ya dube ni, ya je ya yi magana da shugabarsu. Aka tashi mutum uku daga layin ƙarshe, muka kwantar da kai kan damanka, fuskarka wajen wutsiyar jirgi. Ya yage farin ƙyallen faranti ya ɗaure maka haɓa, ya ja labule. Ya zauna wurinka har muka sauka.

A filin jirgi na tare shi na yi masa tambayar da Inna Saude za ta yi mini. Ya ce, "Malam, na sa bakina a kunnenshi na faɗa sau uku. Muryatai ban ji ba, inji bai bari. Amma ya ɗaga manuniya, kuma da ita a miƙe ya tafi."

Inna Saude, amsarki ke nan. Ban ji ba. Lokacin da ya kamata in ji, ina rubutu. Na so in ce miki na ji don hankalinki ya kwanta, amma mijinki bai taɓa cewa akwai ruwa inda bai gan shi ba. Na dai ga yatsar da idona sa'ad da muke ɗaukar shi, ba ta lanƙwashe ba. An yi masa sutura a Yamai da likkafanin da ya wanke da zamzam, alhazai fiye da ɗari suka sallace shi.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Chindo, Ya karɓi hajjinka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Allah Ya ba Inna Saude da ɗiyanka Lurwanu da Binta da dukan mutanen Tajaye haƙuri. Allah Ya saka wa Mamane. Gobe bayan la'asar zan zo gidan, Inna, in faɗa miki da bakina. Littafin zan bar shi gida.

Mahamudu Sallau, Illela