Sama Dama, Ƙasa Hagu

Injin casar masara ya cinye mini babban yatsa da manuni na hannun hagu a wata gona a Doguwa. Wannan ciwo ne, ya warke. Abin da ba zai fita daga raina ba har a kai ni kabari shi ne safiyar da kawuna ya mayar da ni kan babur.

Acaba nake yi tun ina saurayi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Babur na sani. Wanda ya san babur kuwa ya san hannun hagu ba ɗan rakiya ba ne. Shi ke jan kuloci, babban yatsansa ke tura makunnin sigina, shi ke danna hon, shi ke ɗaga fitila ya sauke ta. Da na samu sauƙi na gwada hawa nawa a bayan gida. Yatsun da suka rage suka tafi jan kuloci, kan babur ya kuɓuce mini, na faɗa cikin dangar maƙwabci. Na tashi na kakkaɓe riga, na miƙa wa ƙanena makulli, na shiga ɗaki na zauna. Matata na yin ƙuli-ƙuli muna ci. Na daina zuwa majalisa, don na gaji da jin sannu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi. Wanzami ne. Yana da wata tsohuwar roba-roba, ƙaramin babur ɗin nan, da yake yawon aski da ita a ƙauyukan Bebeji da Kiru, mu 'yan acaba muna kiranta tsohuwa, muna yi mata dariya. Tunda nake ban taɓa ganin ya kunna sigina ba. In zai sha kwana sai ya cire hula ya kaɗa ta, kowa ya yi ta kansa.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, na ji muryarsa a ƙofar gida.

"Kai, fito."

Na fito na durƙusa na gaishe shi. Yana riƙe da tsohuwa, zabira a kafaɗa.

Ya ce, "Akwai suna a Ba'awa, ni zan yi askin jariri. Idona ya yi hazo, ba na ganin hanya. Kai za ka kai ni."

Na ce, "Kawu, da wane hannu?"

"Da wanda Allah ya bar maka."

"Bari a kira maka ƙanena."

"Na ce maka shi na zo nema? To, zauna. Zan tuƙa da kaina. In ka ji mota ta bi ta kaina, ka zo ka ɗauki gawa da hannu ɗaya da rabi."

Ya ɗaga ƙafa zai hau. Na riƙe kan babur ɗin.

Sai a ranar na dube ta da kyau. Ba ta da kuloci, wannan na sani. Abin da ban taɓa lura ba shi ne makunnin siginarta a dama yake, kusa da totur, kuma sama da ƙasa ake tura shi. Yana sheƙi, yana warin kananzir.

Kawu ya ce, "Sama dama, ƙasa hagu. Fitila a jikin makulli take, ka ƙara murɗawa ta kama. Hon ka buga shi da tafin hannu, ba ya fushi. Mu je."

Muka hau kwalta. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, gumi na bin bayana, shi kuwa yana ba ni labarin farashin taki. Can muka doshi inda za mu sauka hagu mu bi hanyar ƙasa. Wata babbar mota cike da buhuna ta taso mu a baya, na ji ƙarar injinta ta canza, direban na shirin wuce mu ta hagun nan da zan shiga. Wallahi na tura sigina. Na ji yatsan ya motsa, yatsan da aka binne a Doguwa. Babu abin da ya kunnu. Na riga na fara karkata.

Kawu ya ɗirka mini zabira a gadon baya. "Ƙasa, sakarai!"

Na danna ƙasa da na dama. Fitilar sigina ta fara ƙiftawa. Na ji motar ta ja birki ta koma bayanmu, direban ya leƙo yana faɗa. Na tsallaka, na gangara, na tsaya a gindin wata ɗorawa. Ban yi kuka ba, amma na daɗe ina kallon fitilar nan tana ƙiftawa.

Kawu ya ce, "Kashe ta. Tsohuwa ba ta kashe kanta, kada ka yi wa na bayanka ƙarya. Kuma ka ja mu tafi, suna ba ya jiran matsoraci."

A gidan suna aka miƙo masa jariri. Ya zaro aska ya goga a fata, ya aske ɗan kan nan tas, ko ƙwarzane babu. Ina zaune ina kallo. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, ashe idon na gani."

Ya ce, "Na nesa ne ba na gani."

Bai rufe baki ba ya ce in kauce, akwai rami a gaba. Ni ko alamar ramin ban hango ba tukuna. Sai can gaba na gan shi, na kauce, muka wuce.

Daga baya wani makanike a Bebeji ya gaya mini Kawu ya yi kwanaki yana zuwa ya tasa shi gaba. Ya sa an buɗe makunnin an kankare tsatsa, an sake waya, an sa ƙwai a fitilun sigina. Makaniken ya ce masa injin ma na bukatar gyara. Kawu ya ce, "Bar injin, ya san aikinsa. Abin nan na dama nake so ya yi laushi."

Bai taɓa ce mini sannu ba, tun daga asibiti har ya rasu. Na ji haushin hakan a da. Yanzu na gane mai ƙaunarka ba lallai ya taya ka kukan abin da ka rasa ba. Wani dubawa yake ya ga abin da ya rage maka, ya nemo masa aiki. Allah ya jiƙan Kawu.

Tsohuwa na hannuna. Ranar kasuwar Tudun Wada ina bakin tasha da ita, ina ɗaukar mutane da kayansu, kuma gidana da gumina yake ci.