Isuhu Mai Kilim da Ƙaiƙayin Mai Yara

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar wana Isuhu, wanda duk Dakoro ta sani da Isuhu mai kilim. Bana ba da hawaye nake tuna shi ba, da ɓacin rai ne. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini zafin bakina.

Isuhu makaniki ne, amma na kilim kaɗai, wato na'urar da ke sanyaya cikin mota. Mutane suna ƙorafin yana da nawa. Ka kai masa mota ka ce a ƙara gaz, sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Ya durƙusa gaban motar ya leƙa ragar nan da ke gaban radiyato, wadda iska ke bi ta huce zafin gaz ɗin. Motocinmu na nan ba kwalta kaɗai suke bi ba. Suna shiga gona, suna tsayawa a masussuka, sai ƙaiƙayi da ƙarangiya da fukafukan fara su toshe ragar kamar an saƙa tabarma. Ya wanke ta, ya tsefe da tsinken tsintsiya, sannan ya shafa ruwan sabulu a jikin tiyo yana jiran inda kumfa za ta tashi. In bai gano inda gaz ke zurara ba, ko wa ka ɗauko ya roƙe shi ba zai ɗura ba.

"Motarga ba gaz take so ba," haka yakan ce. "Iska anka hana mata."

Ni kaina ina cikin masu tsokanarsa. Nakan ce, "Yaya, gyara kake ko kitso kake mata?" Ba ya ko ɗago kai.

Matata Hadiza tana da ciwon zuciya, kuma kowane wata sai ta ga likita a Maraɗi. Likitan ya gaya mana ƙarara cewa zafi ba ya yi mata. Shi ya sa tsohuwar motata, duk da kwaramniyarta, nake lallaɓa kilim ɗinta fiye da komai. Da kaka na ba surukina aronta ya kwaso gero daga ƙauyen Mai Yara. Da bazara ta kama, sai sanyin ya fara wasa: ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa.

Na kai motar wani sabon gareji mai fenti da allo. Mai garejin ko sunkuyawa bai yi ba, ya jona tukunya ya ɗura gaz. Kwana uku, sanyin ya sake ɗaukewa. Da na koma sai ya ce ai laifin wani ɗan maɓalli ne da ke kashe kilim in zafi ya yi yawa. Ya cire shi, ya haɗa waya kai tsaye. Abin da aka sa don ya tsare injin, shi ya tsinke ya jefar! Ni kuma, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, ina tsaye ina yi masa godiya.

Ranar da zan kai Hadiza ganin likita, mun yi rabin hanyar Maraɗi da tsakar rana sai na ji ƙauri, sannan ƙara, sannan iska mai zafi ta fara busowa. Kwamfaresa, zuciyar kilim ɗin, ta ƙone. Na waiwaya na ga Hadiza ta jingina da ƙofa, gumi ya jiƙa mata wuya, numfashi yana fita da ƙyar. Matan wani ƙauye ne suka kawo ruwa suka jiƙa mayafinta suka lulluɓe ta. Kwana biyu aka riƙe ta a asibiti. Wani dattijon makaniki a can ya zura hannu gaban motar ya damƙo ƙaiƙayi cike da tafi, ya nuna mini.

Da na koma wa mai garejin, cewa ya yi, "Malam, mota ta tsuhwa. Sai haƙuri." Tsufan mota ne ya tsinke waya? Haƙuri ne zai mayar wa matata numfashin da ta rasa a kan hanya?

Ina tambayar kaina me Isuhu zai ce da ya ga wannan. Na san shi, ba da mai garejin zai fara ba, da ni zai fara. Kuma yana da gaskiya. Mu ne muka ce yana da nawa, mu ne muka riƙa yabon wanda zai sallame mu kafin shayi ya huce. Shekara da shekaru yana durƙushe a rumfarsa, babu ɗayanmu da ya ga aikin ya isa a gada. Yau ga gareji ko'ina, ga tukwanen gaz jere, amma mai sunkuyawa ya duba ya yi wuya.

Me ya rage na Isuhu? Rumfarsa ana sayar da man fetur a kwalba. Kayan aikinsa sun watse. Sunansa na kirki yana nan, duk direban da ya manyanta zai ce maka Allah ya jiƙan mai gaskiya, amma suna ba ya sanyaya mota. Kwamfaresar irin tawa an neme ta a Dakoro da Maraɗi ba a samu ba. Hadiza ta rantse ba za ta ƙara shiga motar ba sai ruwa ya sauka, kuma ban da bakin da zan lallashe ta. Ranar Laraba mai zuwa za a kira sunanta a ƙofar likita, babu wanda zai amsa.