Likkafanin Iya

A tashar Rogo, in kayanka na fashewa ne, abin ba wuya. Ka gaishe da mai lodi, ka tambayi iyalinsa, sannan ka ce masa akwai kwalba a ciki. Shi ke nan, zai ɗora maka a can sama, ko ya tura ƙarƙashin kujera. Da wannan sanin mahaifiyata, Inna, ta tafi aikin Hajji, ni ne ɗan rakiya.

Yayarta da ta raine ta, wadda muke kira Iya, tana Ruwan Bago, ƙafa ta ƙi, ta san ita da ganin Ka'aba sai dai a hoto. Ba ta roƙi dabino ba, ba ta roƙi zobe ba. Cewa ta yi a sayo mata likkafani, a jiƙo shi da zamzam.

Inna ta cika alkawari. Da hannunta ta jiƙa farin yadin, ta shanya, ta ninke. Sai ta sayi kwalbar turare mai kauri, baƙi wuluk, ta cusa a tsakiyar ninkin wai don kada ta fashe. Na ce a ba ni in riƙe a hannu, ta ce ba a yawo da likkafani a cikin mutane.

Ranar dawowa, a wurin awon kaya na filin jirgi, ta gaishe da Balaraben da ke awon da Hausa tiryan-tiryan, ta dafa jakar ta ce, "Ɗana, akwai kwalba, a sa a sama." Ya gyaɗa kai. Ta juyo tana murmushi ta ce mini, "Ka gani, ya ji."

Da jirginmu ya sauka, ta gilashi na hango yadda ake sauke kaya. Wallahi ko buhun gyaɗa ba a yi wa haka a garinmu. Wannan ya cilla, wancan ya ƙi cafewa, jaka ta daki ƙasa, wasu goma su bi ta kai. Raina ya ɓaci, na yi ta surfa faɗa ni kaɗai, ba mai ji na. Tun kafin jakarmu ta iso hannu, ƙamshi ya riga ta.

A gidanmu na Karaye muka buɗe jakar. Kwalbar ta yi rugu-rugu, turaren ya ratsa kowane ninki, tabo har bakwai. Inna ta zauna daɓas. In ta wanke, zamzam ya tafi. In ta bari, ta kai wa yayarta likkafani mai tabo. Kwana uku tana jan ƙafa, ta kasa zuwa Ruwan Bago.

Ran na huɗu muka je. Inna ta fara, "Yaya, ki yafe mini." Iya ta jawo yadin, ta shinshina, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ke dai har yanzu garaje gare ki," ta ce. "Wa zai gan shi in ban da ƙasa? Kada wanda ya sa masa ruwa."

Shekara biyu yana ƙasan adakarta, duk wanda ya shiga ɗakin sai ya tambayi ƙamshin mene ne. Ranar da ta rasu ina cikin masu ɗaukar makara, ta wajen kai. Tun daga ƙofar gida har maƙabarta turaren nan nake shaƙa, kuma da na dawo Inna ta riƙe hannun rigata ta kai hancinta.