Daga Samaru Zuwa Jushi da Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

Samaru

Mun bar gida ana kiran assalatu a masallacin bayan layinmu. An kwana ana yayyafi, ƙasa sai ƙamshi take. Maƙwabcinmu Malam Sani da ƙaninsa ne suka tura mana motar kafin su wuce salla, don batir ya sake mutuwa. Kwana da kwanaki fitilar cikin motar, wadda ke manne a rufi, ta ƙi mutuwa. A rufe ƙofa, a zare makulli, tana nan tana ci har ta shanye batir. Ga shi ranar Litinin za a yi wa maigidana, Baban Rahila, aikin ido, an ce mu isa asibiti da sassafe.

Shekara da shekaru shi yake tuƙa motar nan zuwa makarantar da ya koyar. Da yanar ido ta rufe masa gani, ni na karɓi sitiyari da furfurata. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa.

Titi fayau, gajimare ya sauko har bisa gonakin masara. Fitilar na ci a kanmu, sai na ji kamar ɗakinmu aka ɗauko aka ɗora bisa taya yana tafiya da mu. Na tambaye shi yadda yake ganinta.

"Kamar wata a cikin ruwan ƙwarya," in ji shi.

Kwangila

Gari ya fara wayewa muka iso. Wani ɗan sanda ya ɗaga mana hannu, ya leƙo.

"Mama, fitilarki ta ciki a kunne take."

"Ita muke kaiwa a duba, ɗana."

Ya gaida Baba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Muka tsaya gaban mai shayi ban kashe injin ba, muka sha shayi da burodi a cikin mota. Wani bakanike da ke karyawa a wurin ya ji zancenmu.

"Wannan ai ba aiki ba ne, Mama. A cire ƙwan, kowa ya huta."

Har na fara gyaɗa kai, Baban Rahila ya ajiye kofinsa.

"A'a, Malam. In na buɗe ƙofa, da ita nake gane inda kujerata take. A gyara dai, kada a cire."

Ban taɓa sanin haka ba. Bakaniken ya ce to mu ƙarasa unguwar PZ, wurin masu kayan mota.

PZ

Ana ta ɗaga ƙofofin shaguna, ruwan daren jiya kwance a ramukan titi, sararin sama na yawo a cikinsa. Emeka mai sayar da kayan mota, wanda muka sani tun yana sabon zuwa Zariya, ya fito da gudu.

"Baba Ticha, kai ne yau a shagona?"

Ya shiga ya taɓa makunnin fitilar. Wuri uku gare shi, in ji shi: kunnawa, kashewa, da na tsakiya mai bin ƙofa. Wurin kashewar ya daɗe da lalacewa, amma ba shi ya kawo wannan ba. Ya duba ƙarƙashin sitiyari, bai ga wayar da ta ƙone ba.

"Ƙofa ce, Mama. Ku je Jushi wurin Malam Haruna mai gyaran wayar mota."

Ya ba mu wani ɗan maɓalli baƙi, ya ce ƙila a buƙata. Matarsa ta miƙo mana alale mai zafi a ganye.

Jushi

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro muka sami Malam Haruna, dattijo marar yawan magana. Ya ba Baba benci. Ya nuna mini cewa a jikin kowace ƙofa akwai ɗan maɓalli, in an rufe ƙofa ta danne shi, fitila ta mutu. Ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa. Ta direba, fitila tana ci. Na baya, tana ci. Ina zaune ina kallon hasken rana yana ɗiga ta cikin ganye bisa rufin motar, barci na fizgata, ina tuna lokacin da yaranmu ke cika kujerar baya suna waƙoƙin coci.

Da ya danna na ƙofar Baba, fitilar ta mutu.

Ya kama ƙofar ya ɗaga, ta yi sama, ya saki, ta sauko.

"Ƙofar ce ta sauka, ba ta kaiwa ga maɓallin sosai, har ta cinye masa kai. Akwai mai dogara da ita in zai fita?"

Na waiga. Can daga benci Baban Rahila ya ce, "Ni ne."

"To ai ta yi ƙoƙari, Baba. Ƙarfe ma yana gajiya."

Ya tallafe ƙofar da jak, ya ɗaure notocinta, ya sa maɓallin da Emeka ya bayar. Aka rufe, fitila ta mutu. Aka buɗe, ta kama. Ya sa mana batir a caji, muka ci alalenmu tare da shi muna jira.

Gida

Bayan azahar muka kamo hanya. Baba ya jingina da kujera har Samaru, na ɗauka barci yake. Da na tsaya a ƙofar gida na kashe mota, ya buɗe ƙofarsa, hannunsa ya tafi samanta kamar kullum, sai ya tsaya.

"Maman Rahila, zagayo."

Tun da idonsa ya rufe bai taɓa yarda na riƙe shi ba, ko a matakalar coci. Na zagayo. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, na ji nauyinsa duka, bai kai yadda nake zato ba.

Ranar Litinin murɗa ɗaya motar ta tashi, muka isa asibiti a kan lokaci. Mun gode wa Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Malam Sani, Emeka da matarsa, da Malam Haruna. An cire wa Baba bandeji, yana ganin hanya sarai yanzu. Amma in zai fita daga mota, har yau jirana yake in zagayo.